Garuruwan zamiyar ƙanƙara da rigimar inda mota za ta tsaya

A watan Yulin 2023, hukumar sufuri ta jihar Utah a Amurka ta yanke cewa maganin cunkoson motoci a kwazazzabon Little Cottonwood shi ne a kafa jirgin igiya, wato ƙananan ɗakuna masu tafiya a rataye a igiyar ƙarfe, mai tsawon kusan kilomita 13, wanda zai riƙa kai mutane Alta da Snowbird, wuraren zamiyar ƙanƙara biyu da ke can saman dutse. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka maka hukumar a kotu, kuma cikin masu ƙarar har da ƙungiyoyin kare muhalli, waɗanda kowa ya san ba su ga maciji da hayaƙin mota. A watan Agustan 2024 kuma, mazauna garin Banff a Kanada suka kaɗa ƙuri'a suka soke tsarin da ke hana motoci shiga wani ɓangare na babban titin garinsu a lokacin zafi.

Wanda ya ji waɗannan labarai biyu zai iya ɗauka cewa mutanen nan mota suke so. Da za a tambaye su, kusan kowannensu zai ce motocin sun yi yawa. Saɓanin yana wani wuri dabam: a ina motar za ta tsaya, kuma wa zai biya, da kuɗinsa ko da lokacinsa?

Irin garin da ake magana a kai

Zamiyar ƙanƙara wasa ne na gangarowa daga tsauni a kan dusar ƙanƙara, mutum na tsaye bisa dogayen filanki biyu da ya ɗaura a ƙafa. Garuruwan da ke cin abinci da wannan wasa galibi ƙanana ne, a maƙale cikin kwari, duwatsu hagu da dama, kuma sau da yawa hanya ɗaya ce tak ke shiga da fita. Mazauna Zermatt a Suwizalan ba su wuce dubu shida ba. Serfaus a Ostiriya ya ɗan haura dubu ɗaya. Da hunturu ya kama, baƙi sai su ninka 'yan gari sau da yawa.

Yawan ma da sauƙi da a ce a warwatse yake zuwa. Na'urorin da ke ɗaga mutane zuwa saman dutse suna buɗewa wajen ƙarfe tara na safe, su rufe wajen huɗu na yamma, don haka kowa lokaci ɗaya yake son isa, lokaci ɗaya yake son tafiya. Ranar da aka wayi gari da sabuwar dusa, mai laushi, ranar ce kowa ke fitowa, kuma ranar ce titi ya fi santsi. A Faransa akwai ƙarin matsala: an saba ba da hayar ɗakuna daga Asabar zuwa Asabar, sai masu tafiya da masu zuwa su yi kiciɓis a kan hanya rana guda. A ranar 27 ga Disamban 2014, dusa ta rutsa da motoci kimanin 15,000 a yankin Savoie, mutane da dama suka kwana a ɗakunan wasanni da makarantu da aka buɗe musu cikin gaggawa.

Ga kuma iska. A lokacin sanyi, iska mai sanyi kan kwanta a gindin kwari, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa mafita. Kwarin Arve, wanda ke kaiwa Chamonix da ramin dutsen Mont Blanc, ya yi ƙaurin suna da wannan, ko da yake a can hayaƙin itacen ɗumama gidaje da na manyan motocin kaya suna da babban kaso. Lissafin da aka yi wa wuraren zamiya na Faransa ya nuna cewa fiye da rabin iskar da ke ɗumama duniya da suke fitarwa daga zirga-zirga take, na'urorin hawa dutsen kansu ɗan kaso kaɗan ne.

Kalmomin da masu tsara sufuri ke amfani da su

Tsara sufuri na nufin a zauna a duba duk tafiye-tafiyen da ake yi a gari, daga ina zuwa ina, da wane lokaci, sannan a daidaita hanyoyi da bas-bas da wuraren ajiye motoci da gidaje su tafi tare. Ma'aunin da suka fi dubawa shi ne kason tafiya: cikin kowace tafiya ɗari, nawa aka yi a motar gida, nawa a bas ko jirgi, nawa a ƙafa.

Akwai tsarin "ajiye ka hau", wato a yi babban filin ajiye motoci a wajen gari, baƙo ya bar motarsa ya shiga bas ko jirgi. Akwai kuma zangon ƙarshe, ɗan guntun da ke tsakanin tasha da ƙofar masauki. A garin ƙanƙara wannan guntu ba abin rainawa ba ne. Mutum na sanye da takalman zamiya masu tauri, filanki a kafaɗa, jaka a hannu, yara biyu na biye, ƙasa kuma santsi. Mita ɗari biyar a irin wannan hali ta isa ta sa magidanci ya ce gara ya zo da motarsa.

Sai wani abu da masana suka daɗe da lura da shi: faɗaɗa titi yana haifar da sababbin tafiye-tafiye. Idan hanya ta yi sauƙi, wanda da zai zauna a gida sai ya fito, wanda da zai kwana sai ya zo ya koma a rana ɗaya, bayan 'yan shekaru titi ya sake cika.

Abin da ya fi waɗannan duka amfani wajen fahimtar rigimar shi ne sanin cewa mutum uku ne ke kan hanyar. Akwai baƙon kwana, wanda ke zuwa sau ɗaya ya yi mako. Akwai baƙon yini, wanda ke tahowa daga babban birni da asuba ya koma da yamma. Akwai ma'aikaci, mai dafa abinci ko mai gyaran ɗaki ko mai gini, wanda ke bin hanyar kullum. Matakin da ya yi wa ɗaya daidai yakan ƙuntata wa ɗaya.

Yadda aka iso nan

Tsofaffin garuruwan tsaunukan Alps jirgin ƙasa ne ya fara kai musu baƙi da yawa. Layin dogo ya isa Zermatt a 1891, ya isa Wengen a 1893, tun mota ba ta zama abin kowa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu lissafi ya juya. Yawancin wuraren da aka gina daga nan, musamman a Amurka da Kanada, an tsara su ne da zaton kowa da motarsa zai zo, aka shimfiɗa filayen ajiye motoci a gindin dutse, a kan ƙasar da ta fi kowace daraja a garin. Avoriaz a Faransa, wanda aka buɗe a 1966, ya bi wata hanya: tun daga zanensa aka fitar da mota, titunansa dusa ce, ana jigilar baƙi da kayansu a amalanken doki mai zamiya.

A shekarun baya-bayan nan wani sabon abu ya ƙara wa wutar fetur a Arewacin Amurka. Kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin Epic a 2008, kamfanin Alterra ya biyo da nasa mai suna Ikon a 2018. Mutum ya biya sau ɗaya, ya yi zamiya duk hunturu a wurare da yawa. Wanda ya riga ya biya ba ya jin ciwon zuwa na awa uku kawai. Baƙon yini ya ƙaru, kuma shi ne ya fi wuyar rabawa da mota.

Hana mota ɗungurungum

Zermatt shi ne misalin da kowa ke kawowa. Baƙo yana barin motarsa a Täsch, kimanin kilomita 5 daga garin, inda akwai tasha mai ɗaukar motoci sama da 2,000, ya shiga jirgin da ke kai shi cikin minti 12. A cikin gari ana tafiya a ƙafa, ko a ƙananan motocin lantarki masu kama da akwati na otal-otal da na tasi.

Serfaus ya fi ban sha'awa, domin ya nuna cewa hani kaɗai ba ya rufe magana. Ƙauyen titi ɗaya ne dogo, filin motoci a bakinsa, na'urorin hawa dutse a ƙarshensa. Da aka hana motocin baƙi shiga aka kawo bas-bas, sai bas-bas ɗin suka cika titin, aka gudu ba a tsira ba. A 1985 suka buɗe ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon mita 1,280 da tashoshi huɗu, wanda ke tafiya a kan matashin iska, igiya na jansa, kuma kyauta ake hawa. Ƙauyen mutum dubu da jirgin ƙarƙashin ƙasa abu ne da kuɗin baƙi kaɗai zai iya ɗauka.

Abin lura a nan shi ne motocin Zermatt suna nan, wurin kwanansu kawai aka sauya. Täsch ne ke ɗauke da su, kuma a Täsch ɗin ne ma'aikatan otal da yawa ke zaune, cikinsu har da ɗimbin 'yan Portugal, saboda haya a Zermatt ta fi ƙarfinsu. Duk kayan da za su shiga garin kuma, daga burodi zuwa siminti, ko dai su zo ta jirgi, ko da izini na musamman, ko a sauke su a sake lodi, kuma kuɗin wannan ɗawainiya yana komawa kan farashi. Tsarin ya fi yin aiki a garin da hanya ta ƙare a kansa. Garin da babbar hanyar ƙasa ta ratsa ta tsakiyarsa ba shi da ƙofar da zai rufe.

Bas kyauta, fakin da kuɗi

Yawancin garuruwa ba za su iya zama Zermatt ba, sai suka ɗauki hanyar lallashi da matsi a haɗe. Park City a Utah na gudanar da bas kyauta tun 1975. Duk da haka hanyoyi biyu da ke shiga garin ba su daina cika ba, kuma dalilin a fili yake: idan bas kyauta ne, fakin ma kyauta ne, kuma bas ɗin na tsaye a layi ɗaya da motoci, ba abin da mai mota zai samu don ya sauka daga motarsa mai ɗumi. Marigayi Donald Shoup, wanda ya koyar da tsara birane a jami'ar California da ke Los Angeles, ya shafe shekaru yana bayyana cewa fakin kyauta tallafi ne a ɓoye ga mai mota, wanda kowa ke biya ta hanyar tsadar haya da kaya. A hunturun 2022 wurin zamiya na Park City ya fara karɓar dala 25 a manyan filayensa na gindin dutse, tare da sharaɗin kama wuri tun kafin a zo, ya kuma yafe kuɗin ga motar da ta ɗauko mutum huɗu zuwa sama. Wannan yafiya ita ce hannunka mai sanda: kujerun da ke zuwa babu kowa a kai ake nema a cike.

Aspen a jihar Colorado ya fi kowa daɗewa a wannan gwaji. Garin ya ɗaukar wa kansa alƙawarin cewa yawan motocin da ke haye gadar Castle Creek, ƙofar shigarsa, ba zai wuce na shekarar 1993 ba. Ya fara karɓar kuɗin fakin a tsakiyar gari a 1995. A 2013 hukumar sufurin kwarin Roaring Fork ta ƙaddamar da bas mai sauri daga Glenwood Springs, tafiyar kusan kilomita 65, mai tsayawa a tashoshi kaɗan, yana da layinsa na kansa a wasu sassan hanyar. A lissafin shekara garin ya daɗe yana riƙe da ma'auninsa, abin da ba ƙaramin aiki ba ne idan aka dubi yadda kwarin ya bunƙasa. Amma wanda ke cikin layin safe bai damu da matsakaicin shekara ba. Layin na nan, kuma mazauna Aspen sun kwashe gomman shekaru suna ƙuri'a a kan ko a miƙe lanƙwasar titin da ke bakin garin ko a bar ta, har yau da sauran rina a kaba.

Darasin da masu tsara sufuri ke ɗauka daga nan shi ne abu biyu ke sa mutum ya hau bas: bas ɗin ya zo a kai a kai har ba sai an duba jadawali ba, kuma ya riga mota isa. Farashin tikiti na biye ne a baya.

Jirgin igiya: inda ya ci, da inda ake ja da shi

Jirgin igiya jerin ɗakuna ne ƙanana da ke rataye a igiyar ƙarfe, suna zagayawa ba tsayawa. Tsakanin Telluride da Mountain Village a Colorado akwai irinsa tun 1996, kyauta, yana haye dutse cikin kimanin minti 13 a maimakon zagayen mota. Ya karɓu domin ƙofa biyu ya haɗa inda mutane ke kwana da aiki da sayayya, kuma shekara da shekaru kaso mafi tsoka na kuɗin gudanar da shi daga cinikin gidaje a Mountain Village ake cirowa. A Faransa, jirgin hawa tudu da aka buɗe a 1989 yana ɗaukar fasinja daga kusa da tashar jirgin ƙasa ta Bourg-Saint-Maurice zuwa wurin zamiya na Arc 1600 cikin 'yan mintuna, ta yadda mutum zai taso daga Paris ya isa dutse bai taɓa sitiyari ba.

Na kwazazzabon Little Cottonwood a Utah kuwa, masu goyon bayansa suna da hujja mai ƙarfi. Hanyar kwazazzabon tana ratsa wuraren zaftarewar dusa fiye da 60, ana yawan rufe ta, kuma idan an rufe bas ma ba ya wucewa, alhali igiya na bi ta sama. Masu adawa suna cewa aikin da aka kiyasta zai haura dala miliyan 700 na kuɗin jama'a tasha biyu kawai zai tsaya, dukkansu a ƙofar kamfanoni masu zaman kansu, don magance cunkoson da ke tsananta a wasu ranakun hunturu kaɗai. Suna kuma nuna damuwa kan ruwan sha da birnin Salt Lake ke samu daga kwazazzabon, shi ya sa birnin kansa ya shiga ƙara. Abin da kan ɓace a hayaniyar shi ne shirin hukumar mataki-mataki ne: ƙarin bas-bas da kuɗin shiga hanya ne a gaba, igiya a ƙarshe. Idan matakan farko suka yi aiki, hujjar na ƙarshen za ta yi rauni.

Ma'aikaci da nisan gidansa

A ranar 8 ga Yunin 2024 wani ɓangare na hanyar Teton Pass ya rufta. Hanyar ce dubban ma'aikata ke bi kullum daga Victor da Driggs a jihar Idaho zuwa Jackson a Wyoming. Kusan mako uku suna zagaye mai nisa kafin a buɗe hanyar wucin gadi. Lamarin ya fito da abin da lissafin baƙi ke ɓoyewa: babban kaso na motocin safe na mutanen da garin ya kora ne da tsadar haya. Gidajen da ma'aikata ke zama a da sun koma na hutun masu hali ko na hayar kwana-kwana.

A nan gizo ke saƙar. Mai gasa burodi da ke fara aiki ƙarfe huɗu na asuba, da mai wanke kwanuka da ke tashi ƙarfe ɗaya na dare, ba su da bas a waɗannan sa'o'i sai an tsara shi dominsu. Mai gyaran famfo ba zai ɗauki kayan aikinsa a jirgin igiya ba. Kuɗin fakin da baƙo mai mako ɗaya ba zai ma lura da shi ba, ga ma'aikaci ragin albashi ne na kowace rana.

Whistler a Kanada ya ɗauki gidaje a matsayin wani ɓangare na sufuri. Ya kafa hukumar gidaje a 1997 da burin kashi 75 cikin ɗari na ma'aikata su zauna a cikin garin, a gidajen da aka taƙaita farashinsu ga masu aiki a can. Duk wanda ya samu ɗaki kusa da wurin aikinsa, mota ɗaya ce ta fita daga layin safe ba tare da an hana kowa komai ba. Tsarin bai kawar da cunkoson babbar hanyar da ke zuwa daga Vancouver ba, wadda aka faɗaɗa domin gasar Olympics ta 2010, amma wannan cunkoson baƙi ne.

Wa ke cewa me

Masu shaguna sukan ji tsoron cewa rufe titi zai kori ciniki, ko da yake masu gidajen abinci da ke samun damar fito da tebura waje sukan ga akasin haka. Kamfanonin zamiya suna son bas ya yi yawa, amma sukan yi nauyin hannu idan aka zo biyan kuɗinsa, kuma kuɗin fakin da suke karɓa ba lallai ya koma kan sufuri ba. Tsofaffi da masu naƙasa suna tambayar wa zai kai su ƙofar asibiti.

A Banff, waɗanda suka yi nasara a ƙuri'ar sun ce rufe babban titin, wanda aka fara a 2020 lokacin annobar korona, ya karkato da motoci da manyan bas-bas na baƙi zuwa unguwannin da suke kwana. Gada ɗaya ce ta mota ke haye kogin Bow a garin, kuma makonni kaɗan kafin ƙuri'ar gobarar daji ta sa an kwashe mutanen Jasper, wani garin tsaunuka a Kanada, gaba ɗaya, don haka maganar hanyar gudu ta yi nauyi a zukata. Waɗanda suka sha kaye sun ce titin ya fi aminci da daɗin tafiya, kuma maganin shi ne a tsayar da motocin tun daga bakin gari. Tazarar ƙuri'un ba ta da yawa.

Abin da zai taɓa mutane

Baƙon kwana shi ne ya fi samun sauƙi, muddin an ɗauke masa nauyin kaya daga tasha zuwa ɗaki. Baƙon yini zai ga sauyi mafi girma: kama wurin fakin ta intanet tun kwanaki kafin tafiya, neman abokan tafiya don cike mota, ko tsayawa a filin wajen gari. Iyali mai ƙaramin ƙarfi, wanda da ma tsadar tikiti ta matse shi, zai ji ƙarin kuɗin fakin fiye da yadda mai gidan hutu zai ji, sai dai idan bas ɗin ya zama zaɓi na gaske.

Ga ɗan gari, abin dubawa a kowane sabon shiri shi ne taswirar titunan da ke kewaye da wanda za a rufe, da ko za a ba mazauna takardar izinin fakin a unguwarsu, domin mai gudun biyan kuɗi ƙofar gidan wani yake nufa. Ga ma'aikaci kuwa, shirin na ƙunshe ne a layi biyu na jadawali, bas na farko da bas na ƙarshe, da kuma ko akwai direban da zai tuƙa su. A hunturun 2022 hukumar da ke gudanar da bas-bas a Utah ta rage bas-bas masu hawa kwazazzabon Little Cottonwood da maƙwabcinsa saboda ƙarancin direbobi, a daidai lokacin da ake roƙon jama'a su bar motocinsu a ƙasa.